Gawa-ta-ƙi-rami

Auta ne ya raɗa wa abin suna. A fuskar tele kalma ɗaya aka rubuta, Zombie, amma da ya ga mutumin ya yi kore-kore yana tsaye da takobinsa, ga rai ga kamannin mutuwa, sai ya ce, "Yaya, ai wannan gawa-ta-ƙi-rami ne." Na yi dariya. Sai daga baya na lura shi bai yi ba. Na san inda ya ji kalmar. Wata tsohuwa ce a unguwarmu ta taɓa faɗinta a kansa a gidan suna, tana tsammanin ba ya ji.

Shekarar da na faɗi jarrabawar bak ke nan, ina zaune a Damagaram ba aiki ba karatu. Wani abokina da zai tafi jami'a a Yamai ya sayar mini da tsohuwar PlayStation 2 tasa, da manet ɗaya, da katin ajiya, da faifai huɗu. Uku na ƙwallo da dambe ne. Na huɗun shi ne Final Fantasy X, wanda kamfanin Square na Japan ya fitar a 2001, ya isa Turai a 2002. Namu irin na Turai ne, mutanen ciki suna magana da Turanci, rubutun ƙasa kuma da Faransanci. Kafin ya iso hannunmu duniya ta daɗe da wuce shi, amma mu a wurinmu sabo ne fil.

Auta yana da shekara goma sha huɗu a lokacin, kuma da emasi aka haife shi, ciwon da 'yan Najeriya ke kira sikila. In hunturu ya kama, Inna ba ta barinsa ya fita da sassafe ko bayan magariba, don sanyi na tayar masa da ciwon. Rabin kwanakin lakkal a gida yake yinsu. Saboda haka shi ya fi ni zama gaban tele, kuma shi ya fara gane abin da wasan yake nufi.

Ga wanda bai taɓa yi ba, faɗan cikinsa ba irin na danne-danne da sauri ba ne. Kana da mutum bakwai, amma uku kaɗai ke tsayawa a fage, kuma kana iya musanya ɗaya da wani na benci ba tare da ka yi asarar layinka ba. A gefen dama na tele akwai jeri da ke nuna wa zai motsa yanzu, wa ke bi masa, har da abokan gaba. Babu abin da ke motsi sai ka zaɓa. Kana iya ajiye manet ka je ka yi salla ka dawo ka tarar da dodo yana jiranka. Ya fi kama da dara bisa ga dambe.

Ni kuwa dambe na ɗauke shi. In layi ya zo kaina, sara kawai nake yi. Tidus ya sara, Auron ya sara, Lulu ta jefa wuta. Duk layin da ban rage jinin abokin gaba ba, gani nake na ɓatar da shi. Da haka na yi nisa ba laifi, don farkon wasan yana yafe wa mai garaje.

Auta shi kaye ya samu, irin mai feji ɗari na 'yan lakkal, ya raba kowane shafi biyu da bik. Hagu ya rubuta "cuta", dama ya rubuta "magani". Duk larurar da wasan ya jefa wa mutanenmu sai ya ba ta sunan Hausa. Wadda ke sa mai takobi ya yi ta kai sara yana kuskure ya kira ta dundumi, maganinta ɗigon ido. Wadda ke hana Lulu da Yuna yin tsafinsu ya kira ta ɗaurin baki. Akwai barci, akwai nawa, akwai hauka wadda mutum ke ƙwace wa daga hannunka ya yi ta duka ba umarni. Akwai makuwa, inda naka zai juya ya sari ɗan'uwansa, kuma maganinta mafi araha shi ne a kai masa duka ya dawo hayyacinsa. A nan Auta ya ja layi biyu ya rubuta cewa Yuna ce za ta yi dukan da sandarta, don hannunta ba nauyi, kada a kuskura a ba Auron. Akwai sandarewa, mutum ya zama dutse, in aka buge shi a haka yana iya tarwatsewa, ba kuma zai dawo ba har faɗan ya ƙare. Sai dafi, wanda ya fi ba shi haushi, don duk layin da mutum ya yi sai ya zaftare masa kashi ɗaya cikin huɗu na cikakken jininsa. Layi huɗu ke nan, in ka yi sakaci, ka binne mutum da hannunka.

Daga bayan kayen kuma ya jera abin da ya kira "shiri", wato abubuwan da kake yi wa naka kafin duka ya iso. A nan ya kwaso sunayen da yake ji a bakin tsofaffi. Wanda ke rage zafin sara da rabi ya ce tauri ne. Wanda ke rage zafin tsafi da rabi ya ce kandagarki. Wanda ke mayar wa mai jifa da jifarsa, ba sai an faɗa ba, ƙaiƙayi ne. Na Tidus mai sa layin mutum ya riƙa zagayowa da wuri ya kira shi zafin nama, kuma in ka yi shi kana ganin hoton mutumin ya yawaita a jerin nan na dama. Tidus yana da wani kirari da yake yi wa 'yan'uwansa, mai ƙara musu ƙarfi da juriya, ana iya maimaita shi har sau biyar yana hawa kan na baya. Ni ina ganin layi biyar a banza. Auta yana ganin faɗan da za a gama ba a yi jana'iza ba.

Abin da ya burge ni a kayen, ko da yake ban faɗa masa ba a lokacin, shi ne ɗan ƙaramin rubutun da yake yi a ƙarƙashin kowane shiri, inda yake faɗin illarsa. Kandagarki yana rage tsafin abokin gaba, amma yana rage tsafin warkarwa na Yuna ma. Ƙaiƙayi bai san naka da na wani ba: ka sa wa mutum shi, ka zo warkar da shi, maganin ya yi tsalle ya faɗa kan dodo. Wato ko kariya tana da kuɗinta. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya gane wannan ba wanda ya koya masa, kuma ban tambayi kaina daga ina ya san shi ba, alhali kullum ina ganinsa da safe yana haɗiye ƙwayar folik, da gorar ruwa da ba ta rabuwa da shi, da sange da ake ɗaura masa ko da rani.

Wanda ya fara karya mini girman kai wani dodo ne mai suna Malboro, a wani faffaɗan fili da ake bi kafin dutsen Gagazet. Baki ne kawai da jijiyoyi. Ya yi mana numfashi ɗaya, sai ga mutum uku da dafi da dundumi da ɗaurin baki da makuwa gaba ɗaya. Ina riƙe da manet ina kallo suna sarar junansu, dafi yana ƙarasa sauran. Ban ajiye wasa ba tun awa ɗaya da ta wuce. Auta bai ce komai ba, ya dai turo mini kayen da ƙafa.

A saman Gagazet muka haɗu da Seymour karo na uku, bos mai jini 70,000, yana zaune kan wata halitta da ke taya shi. A nan muka fara sanin gawa-ta-ƙi-rami da gaske. Wanda ya kamu da ita komai nasa juyewa yake. Maganin da ke ƙara jini shi rage masa yake yi. Gashin tsuntsun da ake ta da matacce da shi, in ka ba shi, nan take ya faɗi. Seymour sai ya soki mutum da mashi ya mayar da shi haka, sannan halittar tasa ta yi masa tsafin raya matacce, wanda ga lafiyayye alheri ne, ga wannan kuwa yanka. Maganinta wani ruwan tsarki ne da ake saye a kwalba. Dabarar ita ce ka dubi jerin dama, ka tabbatar akwai naka tsakanin sukan da tsafin, ka ba da ruwan kafin layin halittar ya zo. Don haka zafin nama ya zama dole, ba ado ba. In ka kira ɗaya daga cikin manyan halittun Yuna, motsi ɗaya yake bari ta yi ya kore ta. Auta ya gano dafi yana kama shi, sai muka sa Lulu ta ɗora masa, muka bar shi yana cinsa a hankali, mu kuma muna ta gyaran namu, muna sa kandagarki kafin babban harinsa na ƙarshe. Kwana uku muka yi a kansa. Ranar da ya faɗi na fita tsakar gida da ihu har Inna ta ce in ji tsoron Allah.

Darasin da na ɗauka daga Gagazet shi ne: da ka ga cuta, cire ta, kada ka bari ta kwana. Na riƙe shi da hannu biyu, irin riƙon sabon tuba.

A cikin satin nan ne wani mai magani ya sauka a kasuwa da mota da lasifika. Ina wucewa na ji yana cewa yana da sassaƙen da ke wanke jini, ya mayar da mai emasi kamar kowa cikin kwana arba'in. Ba jahili ba ne ni, na yi ajin ƙarshe na lise, an koya mana gado da ƙwayoyin halitta. Amma na gaji. Na gaji da jin kukan Auta da tsakar dare in ƙasusuwansa suka tashi, na gaji da ganin Inna tana kwance ɗaurin zanenta a gaban farmasi. Kuma, in faɗi gaskiya, ina so in zama wanda ya yi wani abu a gidan nan, ni da na faɗi jarrabawa. Na ba da jika goma sha biyar, kuɗin da na tara don sake rajista. Mutumin ya ce a daina duk wani maganin likita, kada a haɗa, kuma in yaro ya yi gudawa kada a tsorata, dattin ne ke fita.

Auta ya dubi jarkar ya dube ni. Ya ce, "Yaya, wannan ba ya cikin kaye." Na ce masa ya bar wasa, wannan maganar manya ce. Ya sha don ni na ba shi.

Kwana biyu yana gudawa. Mai emasi kuwa babu abin da yake gudu kamar ƙarancin ruwa a jiki, don a nan ne ƙwayoyin jinin ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyi. Daren na uku ciwon ya kama shi a baya da ƙirji da cinyoyi, irin wanda ban taɓa gani ba. A kan kabu-kabu muka kai shi asibiti, ni ina bayansa ina riƙe da shi, yana cizon hannun rigata. Aka sa masa ƙarin ruwa da allurar kashe zafi, aka auna, aka ce jininsa ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara. Na nannaɗe hannun riga tun ba a tambaye ni ba. Aka ɗibi nawa aka gwada, likitar ta dawo ta ce a nemo wani. Ni AS ne, kuma ga mai SS an fi son jinin da babu sikila a cikinsa ko kaɗan. Wani ɗan kawunmu ne ya bayar.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta zaunar da ni a benci ta yi mini bayanin da na riga na haddace don jarrabawa ban taɓa ɗora shi a kan gidanmu ba. Baba AS, Inna AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya AA. Ƙwayar jinin lafiyayye tana yin kamar kwana 120, ta Auta ba ta wuce goma zuwa ashirin, shi ya sa kullum jikinsa yana cikin biyan bashi. Ta ce babu sassaƙen da ke sauya abin da aka haifi mutum da shi, abin da ake yi shi ne a tsare shi daga abin da ke tayar da shi: ruwa, folik, rigakafi, sange, a guji sanyi, a zo da wuri in zazzaɓi ya shiga. Sannan ta ƙara da wani abu, ina jin don ta ga fuskata. Ta ce rabin da nake ɗauke da shi yana kare ni daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna haka tun 1954 a gabashin Afirka, kuma dalilin da ya sa abin ya yawaita a ƙasashenmu ke nan. Na tuna lallai ni ban taɓa kwanciya asibiti don masassara ba, ko a daminar da ta kwantar da rabin unguwa.

Kwana tara ya yi. Bai taɓa ta da maganar jarkar ba, har yau. Inna ce ta zubar da ita a bayan gida.

Da ya dawo, yatsunsa ba su iya riƙe manet, sai ya kwanta a katifa da bargo, ni ina riƙe, shi yana faɗa mini abin da zan danna. Muka sauka daga Gagazet muka shiga kangon birnin Zanarkand, inda Yunalesca take, matar da ta fara kayar da Sin shekara dubu da suka wuce. Kafin faɗanta akwai doguwar magana da ba a iya tsallakewa, in ka mutu sai ka sake zama ka saurare ta daga farko. Mun saurare ta har mun iya kwaikwayon muryoyin ba tare da mun san Turancin ba. Sau ɗaya ma wuta ce ta ɗauke ana tsakiya.

Siffa uku gare ta, jini 24,000, sai 48,000, sai 60,000. A ta farko ramuwa take yi: ka sare ta ta sa maka dundumi, ka jefe ta da tsafi ta ɗaure maka baki, kuma marinta yana wanke duk shirin da ka yi wa mutum. Wannan mun iya da shi. A ta biyu sai ta fito da wasu abubuwa daga ƙasa su ciji mutum ukun gaba ɗaya, duk su zama gawa-ta-ƙi-rami, sannan ta bi su da tsafin warkarwa tana ƙona su da shi. Na ce ai na san wannan karatun. Ruwan tsarki, ruwan tsarki, ruwan tsarki. Na wanke kowa tas, na cika musu jini, na ƙarasa siffa ta biyu ina murmushi. Tana rikiɗewa zuwa ta uku, kafin in motsa, ta yi wani tsafi guda, mutum ukun suka zube. Jininsu cike, ba cuta ko ɗaya a jikinsu.

Sau uku ana haka. A na huɗu hannuna ya yi gardama, na makara wajen wanke Auron, ya shiga siffa ta uku da korensa. Tsafin ya sauka, biyu suka faɗi, shi yana tsaye.

Auta ya ɗago daga bargon. Ya ce, "Tsaya. Kada ka danna komai." Ya daɗe yana kallon tele. Sannan ya ce, "Mutuwar ba ta kama wanda ya riga ya kamu. Yaya, daina warkar da su."

Gardama na fara, don abin ya saɓa wa duk abin da Gagazet ya koya mini. Amma haka dokar take: tsafin kisa nan take ba ya cin gawa-ta-ƙi-rami. Faɗan gaba ɗaya an gina shi ne don ya hukunta mai saurin wankewa. Sai dai kuma barin kowa da cutar ba mafita ba ne, don ba ka iya ƙara musu jini, ita kuma tana ta yi musu alherinta mai kisa. Abin da Auta ya tsara shi ne a bar mutum ɗaya da ita koyaushe, wanda ya fi jini da yawa. In ta ɗora masa tsafin nan mai ƙara jini kaɗan-kaɗan, wanda a jikinsa ya zama dafi, Yuna ta kware shi. In kisan ya sauka, shi zai ta da sauran da gashin tsuntsu, su kuma sun tashi ba cuta, ana iya warkar da su. In jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, a duba jeri, a tabbatar wani ya karɓi cutar, sannan a wanke shi a cika shi. Wato kowane layi sai ka tambayi kanka wa ke ɗauke da ita yanzu, kuma zai iya kaiwa zagaye na gaba.

Ina cikin lissafin nan ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce, "Ka ga Auron ɗin nan, kai ne. An ba ka daidai wadda za ta tsare ka." Ya gyara bargo. "Ni aka juye mini kwalbar duka."

Ban sami abin cewa ba. Mutane suna son irin wannan kwatance ya zauna daidai, a ce ciwo ma rahama ne a ɓoye, kuma na ji masu faɗin haka a gaban Inna suna kaɗa kai. A bakin mai AS maganar tana da sauƙi. Emasin Auta bai tsare shi daga komai ba, zazzaɓin da ni yake tsallake ni shi yana iya kashe shi. Abin da na iya yi a daren nan shi ne na riƙe manet na yi shiru na bi umarni. In ya ce ruwan tsarki, in ba da. In ya ce bari, in bari, ko da ina ganin jinin mutum ya koma ja, babban yatsana yana ƙaiƙayi a kan maɓalli.

Mun kai wajen minti arba'in a faɗan. Sau biyu saura mutum ɗaya ya rage a tsaye, kuma duk sau biyun koren ne. Kusa da ƙarshe ta jefa wa Tidus makuwa ya juya zai sari Yuna, Auta ya ce in ba shi magani kada in tsaya neman araha. Auron ne ya kai saran ƙarshe, da jinin da bai kai ɗari huɗu ba.

Wannan karon ban yi ihu ba, don dare ya yi nisa kuma Inna ta kwanta. Na juya in ga fuskarsa, na tarar ya jawo kayen yana ƙoƙarin riƙe bik da yatsun da suka kumbura. Na ce ya kawo in rubuta masa. Ya buɗe shafin gawa-ta-ƙi-rami, inda a dama aka rubuta "ruwan tsarki, da gaggawa". Ya ce in ja layi a kan "da gaggawa", in rubuta "a duba jeri tukuna". Na rubuta. Ya karɓa ya duba ko na yi daidai, ya ce rubutuna kamar tafiyar kaza.

"Je ka ajiye wasan kafin su ɗauke wuta," in ji shi. "In ka dawo ka cika mini gorar nan, ta ƙare."